Yadin rawanin Punjab da ake sayarwa a Kasuwar Dole

Duk mai neman rawanin da zai naɗa tun asuba ya wuni da shi a ka har isha'i, ba na hawan sallah kaɗai ba, ya nemi yadin da wani Alhaji mai rumfa a Kasuwar Dole ta Damagaram yake kawowa daga Delhi, babban birnin Indiya. Ni malamin makarantar allo ne a Birni, rawani kuma tufata ce ta kullum tun ina saurayi. Na naɗa harsa, na naɗa ɗan kura, na naɗa na Dubai mai sulɓi. Wannan na wuce bazara da hunturu da shi kafin na ce zan yi magana a kansa.

Iri uku Alhaji yake kawowa, dukansu auduga zalla. Akwai malmal, mai shara-shara, wanda in ka ɗaga shi kana hangen rana ta cikinsa. Akwai boyel, matsakaici. Sai rubiya, mai ƙaramin ido da ɗan nauyi. Boyel ɗin shi ne nawa. A zafin Afirilu, lokacin da ko inuwar bedi ba ta da daɗin zama, yana shanye gumi ya bushe a ka, ba ya barin ƙaiƙayin nan da yadi mai haɗin roba yake sa wa goshi. Abin da ya fi burge ni kuwa, yana kama kansa. Ka yi naɗi ɗaya a kan ɗaya, ya zauna daram, ka yi sujada ka ɗago ba ka kai hannu kana gyara ba. Rubiya sai hunturu, tana tare ƙura da sanyin asuba sosai. Malmal ban ba da shawararsa ga mai saurin hannu ba, ja ɗaya mai ƙarfi zai yage.

Alhaji ya nuna mini yadda masu shi a can Indiya suke shirya shi kafin naɗi. Ya kama kusurwa ɗaya, yaron rumfarsa ya kama wadda ke fuskantarta a can ƙarshe, suka ja da baya har yadin ya miƙe tsaf, sannan kowa ya riƙa naɗe gefe zuwa ciki da yatsu har faɗin mita guda ya koma kamar tafin hannu. In ka ɗan yayyafa masa ruwa kafin a ja, layin naɗin yana fita ras. Yanzu almajirina babba ne yake kama mini kowace safiya.

Na ce masa, “Alhaji, me ya sa nasu ya bambanta haka?” Ya ce, “Malam, waɗanda ake saƙa wa shi ba sa fita da kai a buɗe ko sau ɗaya. In yadi bai yi ba, su ne farkon masu ganewa.” Mabiya addinin Sikh yake nufi, mutanen Punjab. Addininsu daban, namu daban, wannan ba abin musu ba ne. Amma wanda ya san nauyin rawani ba zai ji labarinsu ya wuce ba tare da ya tsaya ba.

A 1699, a garin Anandpur, jagoransu na goma, Guru Gobind Singh, ya ɗora musu alamu biyar: barin gashi ba aski, matajin itace, awarwaron ƙarfe, gajeren wando, da ƴar wuƙa. Rawani shi ne suturar wannan gashi. A Indiyar wancan zamani rawani na masu mulki da manya ne, shi kuwa ya sa manomi da wanzami da masaƙi duk su naɗa, maza su ɗauki suna Singh, mata Kaur, don kada sunan gida ya tona asalin kowa. Mu nan Damagaram mun san rawani da rarrabe mutane: kunne biyu na ƴaƴan sarki, jan rawani na dogarai, farin harsa na malamai. Su kuwa an ba su shi ne don ya daidaita su.

Sai dai abin da ya sa ake gane su daga nesa shi ya sha jawo musu wuta. A watan Yunin 1984 sojojin Indiya suka afka wa babban wurin ibadarsu na Amritsar. Ran 31 ga Oktoba, masu tsaron firayim ministar Indiya Indira Gandhi su biyu, ƴan Sikh, suka harbe ta. A kwanakin da suka biyo baya an kashe kusan mutum 3,000 a Delhi kaɗai, rawani da gemu su ne shaidar da ake bi. Da yawa sun aske gashin da tun haihuwa aska ba ta taɓa ba, don su tsira da rai. A Amurka ma, kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumban 2001, an harbe Balbir Singh Sodhi a gaban gidan mansa a Arizona, don maharbin ya ga rawani ya ɗauka Musulmi ne. Wannan ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Mu aka nufa, shi ya ɗauki harsashin. Dokar da Faransa ta kafa a 2004, wadda ta hana ƴaƴanmu mata ɗankwali a makarantun gwamnati, ita ce ta sa aka kori samarin Sikh daga makaranta a gefen Paris. A Ingila kuwa tun 1976 doka ta yarda su hau babur ba hular kwano, Kanada ma a 1990 ta bar ɗan sandanta ya yi aiki da rawani. Ba a kyauta suka samu ko ɗaya ba, sai da suka yi ta fafutuka.

Alhaji ya ce dattijon da yake saro yadin a wurinsa, duk wannan bai dame shi kamar abin da ke cikin gidansa ba. Ɗan dattijon na fari ya tafi Kanada karatu, hoton farko da ya aiko kansa a aske. Tsohon bai yi masa baki ba, amma ya daina nuna hoton. Samari da yawa a Punjab haka suke yi yanzu: wanke gashi mai kaiwa ƙugu aiki ne, naɗin safe yana cin lokaci, ga neman aiki, ga son kama da taurarin fim. Daga nan sai gardama ta taso a kan wa ya cika ɗan Sikh. A 2016 majalisar Indiya ta cire wa masu aske gashi damar jefa ƙuri'a a zaɓen hukumar da ke kula da manyan wuraren ibadarsu, hukumar da aka kafa tun 1920. Wasu na ganin an kare addini, wasu na ganin an kori ƴaƴan gida. Bambancin asalin da aka so rawani ya binne ma bai mutu ba, a ƙauyuka da yawa na Punjab za ka tarar da wurin ibadar masu gona daban, na waɗanda ake raina asalinsu daban. Ni a ganina wannan ya fi aski haɗari a gare su, domin yaron da aka nuna wa shi ɗan ƙasa-ƙasa ne a ɗakin ibada, da wane baki za a ce masa ya riƙe rawani? Nakan dubi almajiraina da suke jin kunyar naɗi in za su shiga Zango, in ce lallai sai mun sa musu sonsa, tilas ba za ta riƙe su ba.

Yadin yana da nasa aibin. Shuɗi mai duhu da baƙi suna zuba a wankin farko, a wanke su su kaɗai. Sabo yana zuwa da sitaci, in ba a jiƙa shi ya kwana ba yana da tauri. Bakinsa ba a kalmashe yake ba, sai ka kai wa tela, in ba haka ba zare zai yi ta fita. Babban abin lura: ƴan Sikh sukan yanka mita shida gida biyu su haɗa gefe da gefe ya yi faɗi, kuma Alhaji ya kawo wasu a ɗinke haka. Wannan bai dace da naɗinmu ba, tsawon ba ya isa a zagayo haɓa a bar amawali. A ce a yanko daga bandir, mita biyar ko shida, gwargwadon kan mutum.

Kuɗinsa ya kusa ninka na harsar da muka saba, Alhaji kuma ba ya ragi sosai. Yawancin bandiran masu launi ne, ruwan goro da ja da ruwan hoda, irin waɗanda su suke so. Fari kaɗan yake zuwa kuma shi ke fara ƙarewa, musamman gabanin Mauludi, don haka mai son fari ya bar sallahu tun kafin Alhaji ya yi tafiya.