The Batman: Duhun Ya Zauna Daidai, Amma Jikin Jarumin Ba Ya Jin Ciwo

Fim ɗin da ya buɗe da ruwan sama, da tituna masu datti, da gawar magajin gari an naɗe kanta da salatif, ya riga ya yi wa mai kallo alkawari: a wannan duniyar duka yana da zafi, faɗuwa tana karya ƙashi. Da wannan alkawarin na auna The Batman na darakta Matt Reeves, wanda ya fito a watan Maris na 2022, mai tsawon minti 176.

Ta fuskar hoto, ya cika alkawarinsa har da ƙari. Mai ɗaukar hoto Greig Fraser ya bar haske yana fitowa daga abin da ido ke gani a wurin: fitilar titi, fitilar mota, tocilan ɗan sanda. An harhaɗa Gotham, ƙagaggen birnin da labarin ke faruwa, daga Liverpool da Glasgow da Landan da Chicago, shi ya sa gine-ginen suke da tsufa na gaske. Ƙananan abubuwa ne suka fi ɗaukar nauyin. Idan Robert Pattinson, wanda ya fito a matsayin Batman, ya cire hular da ke rufe fuskarsa, baƙin da ya shafa a kewayen idonsa yana nan ya dame da gumi, abin da finafinan baya suke ɓoyewa. Kafin ka gan shi za ka ji takun takalminsa mai nauyi. Motarsa kuwa injinta a baya yake a buɗe, ka rantse a gareji ya haɗa ta da hannunsa. A wurin da yake bin Penguin, ɗaya daga cikin miyagun birnin, a babbar hanya, an ɗaura kyamarori a jikin motocin, ruwa yana fantsamo wa gilashi, kana gani rabi kana hasashen rabi, yadda direba ke gani cikin dare.

Labarin ma ya tsaya a ƙasa. Shekara ta biyu ke nan da Bruce Wayne, ɗan masu kuɗin da ke shigar Batman, ya fara wannan aiki na farautar masu laifi, yana kuskure, yana karanta alama a baibai. Riddler na Paul Dano, makashin da ake nema, akanta ne mai tabarau da ya tara mabiya a intanet, ba shi da wani ƙarfi na ban mamaki. Makamin da ya yi kisan farko da shi ƙarfen shimfiɗa kafet ne, kuma wani ƙaramin ɗan sanda ne ya gane shi, domin Bruce ɗan masu kuɗi bai taɓa riƙe irinsa ba. Wannan rubutu ne mai kyau ƙwarai.

Inda aka samu tangarɗa shi ne jikin jarumin. A wurin jana'izar magajin gari, bam ɗin da aka ɗaura a wuyan lauyan gwamnati Gil Colson ya tashi Batman yana tsaye dab da shi, bakinsa da haɓarsa a buɗe. Ya suma, ya farka a ofishin 'yan sanda babu ƙuna, babu kurumta. Jim kaɗan ya yi tsalle daga saman ginin da rigar tashi, lemar saukarsa ta sarƙe a gada, ya bugi mota, ya yi birgima a kwalta, ya miƙe yana ɗingishi kaɗan. A fim ɗin da gaba ɗayansa almara ce babu wanda zai yi ƙorafi. A nan kuwa an kwashe sa'a guda ana koya wa ido cewa komai yana da nauyi, don haka ƙaryar take fitowa fili kamar facin farin yadi a baƙar riga.

Haka faɗan da Batman ya yi da 'yan bindiga a wani lungu mai duhu, wanda walƙiyar bakin bindiga kaɗai ke haskawa. Kyawunsa ba a magana, amma harsasai suna zuba a ƙirjinsa yana tafiya abinsa. Sulke na gaske yana hana harsashi shiga ne, ƙarfin bugun kuwa yana isa jiki, yakan bar kumburi, wani lokaci ya fasa haƙarƙari. The Dark Knight na 2008 ya fi kula da wannan: kare ya ciji Batman har da ɗinki, ya nemi sulke mara nauyi, aka gaya masa cewa sauƙin motsi zai ƙara buɗe shi ga wuƙa da harsashi. An faɗi farashin, mai kallo ya riƙe shi. Reeves bai yi hakan ba sai a ƙarshe, lokacin da harbi ɗaya daga kusa ya kwantar da jarumin har sai da ya yi wa kansa allura. Wurin ya yi tasiri, sai dai ya saɓa wa lungun da ya gabata. A ganina, neman matakin PG-13, wato matakin tace fim na Amurka da ke barin matasa su kalla, yana cikin dalilan, tunda yana taƙaita jini da rauni.

Ambaliyar ƙarshe, inda motoci bakwai maƙare da bam suka fasa katangar da ke tare teku, ta yi wa labarin bincike girma. Kiɗan Michael Giacchino yana riƙe yanayin, ko da yake an maimaita jigonsa fiye da kima.

Yadda za ka kalle shi yana da muhimmanci. Kwafin da aka matse ya koma 'yan megabait ɗari don turawa a waya yana lalata shi, domin matsewa a wuraren duhu take fara cin hoto, baƙin ya farfashe ya zama dabbare-dabbare. Nemi kwafi mai ingancin hoto na 1080p ko sama, ka kashe fitilar ɗaki, ka sa talabijin a yanayin sinima, ka kashe saitin da ke santsar da motsi. Kada ka ƙure hasken allo, baƙin zai koma toka. Ana yawan magana ƙasa-ƙasa, don haka abin sauraro na kunne ya fi lasifikar waya. Kisan da ke cikinsa ya yi wa yara ƙanana nauyi, duk da ba a nuna jini sosai ba.