Lauyoyin da muka ba aikin gadon Baba: Barista ya iya aiki, amma yaransa sun ba mu wahala

'Yan uwa da abokan aiki sun dame ni da tambaya a kan lauyoyin da suka riƙe mana takardun gadon Baba, Allah ya jiƙansa, to gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ba zan kama suna ba. Ofishi ne a ɗaya daga cikin benayen nan na titin Gidan Zoo a Kano, babban lauya ɗaya da yara matasa a ƙarƙashinsa, sai sakatariya.

Zaman farko ya burge ni, wannan ba zan ɓoye ba. Barista ya ƙi fara magana sai da aka kira mu mata, ya ce ba zai saurari maza su kaɗai a kan dukiyar da kowa yake da haƙƙi a ciki ba. Ya kuma faɗa mana ƙarara cewa rabo ba aikinsa ba ne, na alƙali ne a kotun Musulunci, shi nasa takardun banki da na fansho da na gida. A nan ne amaryar Baba ta fito da wata takarda da hannun marigayin, wadda ya rubuta cewa shagon Kantin Kwari na autanmu ne, wato ɗanta. Ɗakin ya yi tsit. Barista ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Hajiya, yaron ya karɓi shagon tun Alhaji yana raye? Shi yake karɓar haya?" Ta ce a'a. Ya ce to kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ba ta tabbata ba, in kuma wasiyya ce, babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda, ko ga bare ma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Ya bi mu da lissafi a hankali: a fara fitar da bashi, matan biyu su raba tumuni a tsakaninsu, Hajiya kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauki sudusi, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Da muka je gaban alƙali, abin da ya faɗa shi aka maimaita. Ni a ranar da an ce in ba su maki, da na cika musu.

Maganar gidan Hotoro ma sun yi ƙoƙari. Baba ya saye shi da takardar ciniki mai hatimin mai unguwa, amma da suka bincika fayil a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, sai ga shaidar mallaka tana nan da sunan mai gidan na farko, shi ma ya rasu. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallaka, Baba kuwa bai taɓa nema ba. Su suka nemo magadan mutumin suka sa hannu. Dillalin da ya so ya karya mana farashi da sunan "takarda ba ta cika ba" bai sake dawowa ba.

To yanzu ga abin da ya ɓata min rai, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Baba ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya yi ritaya a sabon tsarin fansho, ana biyansa wata-wata daga asusunsa, abin da ya saura a ciki kuwa na magada ne. Shi ne ma kuɗi mafi tsoka a duk abin da ya bari. Banki da kamfanin fansho duka sun ce sai mun kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu. Wannan takarda ba ta aiki sai a kan abin da aka lissafa a jikinta, shi ya sa na zauna na rubuta komai da lambobinsa: asusun banki biyu, hannun jari, da asusun fansho. Barista ya miƙa aikin ga ɗaya daga cikin yaransa, wani mai yawan kallon waya, ya ce, "Shi zai riƙa tuntuɓarki, Hajiya." Muka kai shaidar rasuwa ta Hukumar Ƙidaya, hotuna, masu tsaya mana, muka biya kuɗin kotu da na sanarwa a jarida, muka zauna jira. Umma ta shiga takaba ta fita, takarda ba ta fito ba. Da ta fito, banki ya biya ba gardama.

Ranar zuwa kamfanin fansho da Umma muka tafi, a adaidaita sahu, ga ciwon gwiwa yana damunta, ga matakala. Ma'aikaciyar ta karɓi takardar, ta buɗe shafin da aka jera dukiya, ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama. Sai ta ɗago ta ce, "Mama, ku yi haƙuri, asusunmu ba ya cikin nan." Na karɓa na duba da idona. Banki biyu, hannun jari, shi ke nan. Umma ba ta ce komai ba, sai ta ce in riƙe ta mu sauka.

Na kira yaron nan, bai ɗauka ba. Na tura saƙo ta WhatsApp, ya karanta ya yi shiru. Sakatariya kullum maganarta ɗaya, Barista yana Abuja. Na yi ta sintiri a ofishin kamar mai bin bashi. Da na ritsa shi, sai ya buɗe baki ya ce ai ba mu ba shi lambar fansho ba. Na buɗe wayata na nuna masa hoton jerin da na tura masa, da alamar babban yatsa da ya mayar min a ƙasa. Ko a jikinsa. Ya ce abu ne mai sauƙi, za a sake shigar da buƙatar ƙarin dukiya a kotu, sai dai mu biya kuɗin kotu da kuɗin aiki. Kuɗin aiki! A kan aikin da shi ya ɓata!

Abin da ba su gane ba, a gidan da ke da mata biyu jinkiri zargi ne. Ɗakin amarya suka fara cewa mun karɓi kuɗin fansho mun danne, tunda ni nake yawo da takardu. Har Baffa, ƙanin Baba, ya kira ni ya ce, "'Yata, faɗa min gaskiya tsakaninki da Allah." Ban taɓa jin kunya da takaici irin na ranar ba. Sai da na ɗauki takardar na bi gida-gida ina nuna musu shafin, kuma na san akwai waɗanda har yanzu ba su gamsu ba.

Da Barista ya dawo, in ba shi haƙƙinsa, bai yi musu ba. Ya kira yaron a gabana ya yi masa faɗa, ya ce ofis ba zai karɓi ko sisi na aiki ba, ya kuma kira Baffa da kansa ya yi masa bayani. Na ji sanyi a lokacin. Amma da na koma gida na zauna, sai na ce to wa ya sa hannu a takardar kafin a kai kotu? Shi ne ai. In yaro bai duba ba, babba ma bai duba ba. Daga nan sauran abubuwan da na yi ta haɗiyewa suka dawo min. Kuɗin mota da yaran suke karɓa duk fita, ba rasit. Asalin takardar cinikin gidan da sai da na yi magana da kakkausar murya kafin a zaro ta daga cikin fayil ɗin wasu mutane daban. Alƙawarin "za mu kira ki gobe" da ba a taɓa cikawa ba, ni ce mai kira da katina.

Masu tambayata ko su je, in matsalar takardar fili ce ko gida, ku je, sun san hanyar, kuma Barista ya san fiƙihun gado fiye da yadda na zata. In kuma takardar kotu ce ta kuɗin banki da fansho, kada ku yarda a shigar da komai sai an ba ku jerin dukiyar kun karanta lamba bayan lamba, kuma ku ce da shi kansa za ku riƙa magana. Mu dai takarda ta biyu har yanzu tana kotu, kuɗin sanarwa da na rajista mun sake biya daga aljihunmu, yaron kuma yana nan a kujerarsa.