Sikotland da baƙin ma'aikata: ɓallewa ko tsarin Kebek?

Mutanen Sikotland kusan miliyan biyar da rabi ne, kuma tun 2015 mace-mace suka zarce haihuwa. Gidajen kula da tsofaffi da masana'antun sarrafa kifi suna kukan rashin ma'aikata, amma biza a hannun gwamnatin Birtaniya da ke Landan take. A 2020 gwamnatin yankin ta nemi bizar kanta, Landan ta yi fatali da buƙatar.

Hanya ta farko ta samun ikon biza ita ce ɓallewa daga Birtaniya. Sai dai a ƙuri'ar 2014 kashi 55 cikin 100 sun ƙi. Kuma in Sikotland ta ɓalle ta buɗe wa baƙi ƙofa fiye da Ingila, maganar shingen kan iyaka za ta taso, alhali can ce babbar kasuwarta.

Ta biyu ita ce ta lardin Kebek a Kanada. Tun yarjejeniyar 1991 da gwamnatin tarayyar Kanada, lardin ke zaɓar ma'aikatan da yake so, yana fifita masu jin Faransanci, tarayya kuma ta binciki lafiyarsu da halinsu. Rauninta shi ne, wanda ya samu takardar zama yana iya tattara nasa-ya-nasa ya koma Toronto, a wani lardin daban. Duk da haka na fi karkata ga tsarin Kebek, tunda ba sai an buga sabon fasfo ba.