Oliver, Armstrong ko Morton: Da Wa Za Ka Fara Sayen Tsohon Kiɗan Jaz?

Idan kuɗinka na tarin faifai ɗaya ne kacal, kada ka fara da wanda ya fi tsufa. Na san jan hankalin da ke tattare da King Oliver. A Afrilun 1923 ya kai ƙungiyarsa ta Creole Jazz Band ɗakin ɗaukar sauti na Gennett a Richmond, jihar Indiyana, kuma a nan aka fara naɗar busar Louis Armstrong, yana yaron Oliver. Amma a lokacin babu makirufo. Makaɗa suna busa ne cikin wani babban ƙaho, allura tana zana sautin a kan kakin zuma. Shi ya sa kiɗan yake fitowa kamar daga cikin rijiya, ganguna kuma da ƙyar ake jinsu. Sabon kunne zai gaji kafin ya gane daɗin. Wannan na mataki na biyu ne, kuma idan lokacinsa ya zo, nemi tarin "Off the Record" na 2006, wanda ya haɗa duk abin da ƙungiyar ta ɗauka a 1923.

Gasar gaske tana tsakanin mutum biyu.

Jelly Roll Morton da ƙungiyarsa ta Red Hot Peppers sun shiga kamfanin Victor a Shikago a 1926, bayan an koma ɗaukar sauti da lantarki. Sautin garau yake. Morton ya tsara wa kowa inda zai shiga da inda zai yi shiru, don haka a "Black Bottom Stomp" za ka ji mutum bakwai suna tafiya tare, babu mai taka ƙafar wani. Wanda yake son jin yadda ƙungiyar kiɗa irin ta New Orleans, birnin da jaz ya samo asali, take aiki, nan ne gidansa.

Ni dai Armstrong nake ba mutane. Ƙungiyarsa ta Hot Five ta fara ɗauka a kamfanin OKeh a Nuwamban 1925, Hot Seven ta biyo a 1927, sai "West End Blues" a 1928 tare da Earl Hines a kan fiyano. Cikin shekara uku za ka ji kiɗan taro yana komawa kiɗan gwani ɗaya. Farkon "West End Blues", inda Armstrong yake busa kakaki shi kaɗai, har yau yana tsayar da ni daga duk abin da nake yi.

Na waɗannan kiɗe-kiɗen Armstrong, akwai tarin kamfanin Columbia na 2000, akwai na kamfanin JSP wanda John R. T. Davies ya gyara sautinsa, kowanne faifai 4. Na JSP na fi so: ya bar ɗan shuuu ɗin tsohon faifai, kakakin bai rasa kaifinsa ba. Gyaran da aka wanke fes yakan tafi da ran busar.

Asalin faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya kuwa, a bar wa masu tara kayan tarihi. Minti uku ne kowane gefe, yana fashewa kamar tangaran, kuma sai da allurarsa ta musamman.