Yadi ko kayan shayi: me za mu kai wa malaman yara?

Duk ƙarshen zango na uku, idan yara sun kawo sakamako, sai ni da maigidana mu zauna shawarar abin da za mu kai wa malamansu. Shi ya fi son yadi daga Kantin Kwari, ni kuwa kayan shayi daga kasuwar Singa.

Yadi yana da kwarjini, babu musu. Turmin atamfa ga malama ko shadda ga malami, kyauta ce da ake tunawa duk ranar da aka saka. Amma fa kuɗin ɗinki ka ɗora wa mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Malamar Islamiyyar 'yata ta taɓa nuna mini atamfar da muka ba ta, tana nan cikin ledarta tun bara, ba ta samu kai wa tela ba. Ranar na ji nauyi ƙwarai. Ga kuma zane da launi, ba ka san wanda take so ba.

Kayan shayi ba su da wannan matsalar. Madara, Bournvita da sukari, a daren nan za a fara amfani da su. A Singa sari ake yi, idan iyaye huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi katan, sai abin ya zo da sauƙi. Aibinsu ɗaya, mako biyu sun ƙare.

Bana kayan shayi muka kai. Yarinyar da kanta ta rubuta "Na gode, Malama" ta liƙa a jikin gwangwanin madarar.