Kafin ku ƙara lasifika a coci: wasiƙa daga Landan

Kawu, gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. A gai da Inna da yara da dukan dattawan ikkilisiya. Saƙonku ya iso, cewa kwamitin gini yana so in duba masa kayan sautin da coci-coci suke amfani da su a nan Ingila, ko akwai waɗanda suka fi na gida ƙarfi. Na shiga shaguna, na kuma zauna da mai kula da sauti na cocinmu. Masu ƙarfin akwai su birjik. Sai dai ba a kansu coci take zuba kuɗi a nan ba, kaso mafi tsoka yana tafiya ne wajen hana sautin fita waje. Shi ya sa na ga gara in rubuto dalla-dalla, ku karanta wa kwamiti kafin a tsai da magana.

Kada ku zaci mutanenmu sun zo nan sun yi sanyi. Wani bincike da Jami'ar Roehampton ta fitar a 2013 ya ƙirga coci-cocin baƙar fata aƙalla 240 a ƙaramar hukumar Southwark kaɗai, a kudancin Landan, kuma akasarinsu na 'yan Afirka ne. Ranar Lahadi idan kuka bi titin Old Kent Road, za ku ga mutane cikin ado riƙe da Littafi Mai Tsarki suna shiga nan suna shiga can. A ciki kiɗa ne da rawa da ɗaga murya, ba abin da aka rage. Amma idan mutum yana tsaye a tsallaken titi, galibi ƙarar motar bas ta fi ta cocin. Irin lasifikar nan mai bakin ƙaho da muke kafawa a kan rufi tana kallon unguwa, ban ga ko ɗaya a kan coci ba tun zuwana.

Tushen abin doka ce, da kuma ofishin da yake amsa kira. Dokar kare muhalli ta 1990 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta binciki ƙorafin hayaniya. Jami'an da suke wannan aiki su ne na lafiyar muhalli, kusan irin duba-garinmu. Maƙwabci zai buga waya ko ya cike fom a intanet, sai a ba shi takarda ya riƙa rubuta rana da lokacin da ƙarar ta fara da lokacin da ta tsaya, da abin da ta hana shi yi. Wasu hukumomin suna da manhajar waya ta ɗaukar sautin a tura musu. Wani lokaci su kawo na'urar naɗar sauti su ajiye a ɗakin kwanan mai ƙorafi, wani lokaci jami'i ya zo da kansa ya zauna ya saurara. Dokar ba ta yanke wani adadi guda na ƙara ba. Ana duba ƙarfinta, da tsawon lokacinta, da yawan maimaituwarta, da ko dare ne ko rana, da kuma ko mutum mai matsakaicin haƙuri zai iya zama da ita. Idan jami'i ya gamsu cewa abin ya kai cutarwa, dole hukuma ta ba da takardar umarnin a daina. Wanda aka bai wa yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara a kotun majistare. Idan ya yi biris da ita, ya zama laifi, akwai tara, kuma ana iya kwashe kayan sautin. Coci da masallaci da gidan giya da gidan biki duk layi ɗaya suke a gaban wannan doka. Akwai kuma wata tsohuwar doka ta 1974 da ta hana kunna lasifika a kan titi daga ƙarfe 9 na dare zuwa 8 na safe.

Mu ma ta taɓa mu. Zauren da muke haya yana jingine da wani dogon bene na gidajen haya, kuma muna addu'ar dare a Juma'ar ƙarshen wata. Wata ma'aikaciyar jinya da take fita aiki da asuba ta kai ƙorafi. Wasiƙar farko ta hukuma cikin ladabi ta zo, babu barazana. Bayan ta sai jami'i ya zo ran Lahadi, ya sa mawaƙa su buga kamar yadda suka saba, shi kuma ya haye ɗakin matar, suna magana da mai kula da sautinmu ta waya. Yana cewa a rage, ana ragewa, har aka kai inda ƙarar ta daina damun ɗakin. A wannan matsayi aka saita wata 'yar na'ura da muka saya, aka manna ta a bango sama da inda mawaƙa suke tsayawa. Tana da makirfo nata da fitilu uku. Kore na nufin lafiya lau, ruwan ɗorawa gargaɗi ne, idan kuwa ja ta kama ta daɗe na 'yan daƙiƙu, sai ta yanke wutar soket ɗin da kayan sauti suke ciki baki ɗaya. Makirfo ya mutu, jita ta mutu, sai muryoyin jama'a kawai. Tun daga lokacin mai ganga ba ya ɗauke ido daga fitilar nan. Abin da ya fi taɓa ni shi ne takardar matar, da fastonmu ya samu gani daga baya da izininta. A wani layi ta rubuta ƙarfe biyu saura na dare, kusa da shi ta sa cewa ta kai ɗanta falo ya kwanta a kujera saboda bangon ɗakinsa yana rawa. Mu a lokacin muna ciki muna roƙon Allah ya ba unguwar salama.

Yanzu ga kayan. Na farko da zan ambata shi ne gangar lantarki. Fatarta ta roba ce ko raga, idan aka doka ba a jin komai sai ɗan ƙas-ƙas, ainihin sautin yana bi ta waya zuwa mikisa, wato na'urar da take haɗa sautuka, mai kula da sauti ya ɗaga ko ya sauke yadda ya ga dama. Cocin da ta nace wa gangar gaske tana kewaye mai kiɗan da katangar roba mai kama da gilashi. Mawaƙa kuma suna sa 'yan ƙananan na'urori a kunne su ji kansu, don haka an rabu da lasifikokin da ake jerawa a gabansu, waɗanda su ne suke jawo gasar kowa a ƙara masa. Wannan gasa kun san ta, mai jita ba ya jin kansa saboda ganga, a ƙara masa, mai waƙa ta ɓace, a ƙara mata, kafin a kai waƙa ta uku komai ya ƙure.

Sai tsarin lasifika. A gida mukan sayi manya biyu ko huɗu mu gicciya a gaba, mu murɗa har na kujerar ƙarshe ya ji. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma sauti a fili yana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, saboda haka kafin na baya ya ji daidai, kunnen na gaba ya sha wuya, maƙwabci kuma ya samu rabonsa. A nan ana jera ƙanana da yawa a jikin bango ko a silin, kowace tana kallon ƙasa wajen mutanen da suke kusa da ita, a kunna su a hankali. Wa'azi yana fita tas, har tsofaffi suna kama kowace kalma. Coci-coci da yawa suna da wata waya da aka zagaye zaure da ita, wadda take aika muryar mai wa'azi kai tsaye cikin na'urar ji ta masu matsalar kunne. A bakin ƙofarmu kuma akwai kwando cike da marufan kunne na jarirai da ƙananan yara. Wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma kowane ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A 2022 ta ba da ma'aunin cewa wuraren kiɗa kada su wuce desibel 100. Ga ɗakin kwana da dare kuwa, shawararta ita ce kada ya haura 30. Jijiyar ji idan ta lalace ba ta dawowa, kuma yaranmu ne muke zaunarwa a gaba, dab da lasifika.

Wani abu da mai kula da sautinmu ya nanata mini, a gaya wa kwamiti kada a ɓata kuɗi a kansa, shi ne soso. Soson da ake mannawa a bango yana rage amsa-kuwwa a cikin zaure ne kawai, ba ya tare ƙara daga fita. Nauyi ne yake tarewa, wato bango mai kauri, da toshe duk wata kafa da iska take bi. Shi ya sa a nan za ku ga tagogi masu gilashi ninki biyu, da ƙofa biyu da ɗan soro a tsakaninsu, ta yadda ba a buɗe su lokaci ɗaya. Sauti mai kauri, irin dum-dum na babbar ganga da jitar bas, shi ne ya fi ratsa gini. Shi ne maƙwabci yake ji a ƙirjinsa ko da bai ji kalma ɗaya ta waƙar ba.

Ba komai na nan ne ya fi namu ba, Kawu. Binciken ƙorafi yakan ɗauki makonni ko watanni, kuma ba kowace ƙaramar hukuma ce take da masu fitowa da dare ba. Samun wurin sujada wahala ne, sai da izinin hukumar tsara gari, wanda sau da yawa yake zuwa da sharaɗin lokacin rufewa, shi ya sa coci-cocinmu da yawa suka ƙare a tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya a unguwannin masana'antu. Kuma ba zan ɓoye ba, wani ƙorafin ba ƙara ce take jawo shi ba, ganinmu ne kawai ba a so. Abin da ya fi damuna shi ne mutum zai shekara yana jin haushinka, ku haɗu a matakala ya yi maka murmushi, sai dai ka ga wasiƙar hukuma. A gida maƙwabci ya san sunan fasto, ya san gidan dattijo, zai iya yin sallama a zauna a yi magana. Wannan arziki ne da kuɗi ba ya saya a nan.

Amma mu duba gaskiya, yana yin sallamar? Yawanci ba ya yi. Idan ɗan'uwa ne mai bi, yana tsoron a ce yana faɗa da aikin Allah. Idan Musulmi ne, yana tsoron maganar barci ta rikiɗe ta zama maganar addini, kuma duk mun san inda irin wannan take kaiwa. Sai ya haɗiye, mu kuma mu ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Ba don babu doka ba ne. Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, tana da ƙa'idojin hayaniya tun 2009, kuma a 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. Ruwanda ta rufe ɗaruruwan coci-coci a Kigali a 2018, hayaniya tana cikin dalilan. Hatta Saudiyya a 2021 ta umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Ni dai ba na so mu jira har sai hukuma ta zo da kwaɗo. Na san za a kawo mini Zabura 150, inda aka ce a yabi Ubangiji da kuge masu ƙara, kuma ina tare da wannan ɗari bisa ɗari. Amma Karin Magana 27:14 ta ce wanda ya sa wa maƙwabcinsa albarka da babbar murya da sassafe, za a lissafa masa ita la'ana ce. Mai hawan jini da mai jego da ɗalibi mai jarrabawa gobe suna cikin maƙwabcin da aka ce mu ƙaunata kamar kanmu. Mutumin da muka hana barci daren Juma'a, da wane kunne zai saurare mu idan mun je masa da bishara ran Asabar?

Na san yanayinmu daban. Sanyi ne yake taimaka wa mutanen nan su rufe taga, mu kuwa zafi ba zai bari ba, ga rufin kwano da sauti yake ratsawa kamar babu shi, ga janareto da nasa rurin. Gangar lantarki da na'urar fitilu uku suna son tsayayyiyar wuta. Don haka ba zan ce a kwafi komai ba. Abin da nake roƙon kwamiti shi ne a fara da wanda ba ya cin kuɗi. A sauke ƙahon da yake kan rufi. A juya lasifikoki su bar kallon taga. Tagogin da suke fuskantar gidajen mutane a rufe su lokacin waƙa, a bar na ɓangaren titi. Addu'ar dare, idan ta kai ƙarfe goma, a kashe amfilifaya da ganguna a ci gaba da baki, kuma a sanar da unguwa tun ana saura mako. Sannan dattawa biyu su bi gidajen da suke kewaye da mu, su tambayi mutane wane lokaci ne ya fi damunsu, su bar musu lambar wanda za su kira. Wani matashi ya sauke manhajar awon ƙara a wayarsa, kyauta ce, ya tsaya a tsakar gidan maƙwabci ana cikin sujada. Ba ta kai na'urar hukuma daidaito ba, amma za ta nuna mana inda muke.

Kuɗin da aka tara na manyan lasifikoki kuwa, shawarata a raba shi. Kashi ɗaya a yi silin mai kauri a ƙarƙashin kwano, a gina wa janareto ɗaki nesa da katangar mutane. Sauran a sayi ƙananan lasifikoki shida ko takwas da mikisa mai kyau, kuma waɗannan ana samunsu a gida, ba sai an yi dakonsu daga nan ba. Ni zan ɗauki nauyin marufan kunne na yara da na'urar awon ƙara ta hannu, in ba mai zuwa ya kawo. Ku sa a auna mini tsawo da faɗi da tsayin zauren, a ɗauko hoton inda tagogi suke da gidan da ya fi kusa, mai kula da sautinmu ya yi alkawarin zana mana inda kowace lasifika za ta zauna. A gai da Baba Fasto da iyali. Ubangiji ya kiyaye ku.