Hattara da mai aiken kuɗin da farashinsa ya fi na kasuwa

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman masu ɗa ko miji ko ƙane a Libiya. Abin da ya sami ƙanena a Sabha ne ya sa na ɗauki waya in faɗakar.

Kowa ya san yadda kuɗin ci-rani ke zuwa gida. Yaron da ba shi da takardun zama ba ya shiga banki, dinarin Libiya kuma ba ya ciwuwa a kasuwar Matamaye. Sai ya kai wa mai aike a can, shi kuma ya kira abokin huldarsa a Agadas ko Damagaram, a ba iyali sefa bayan sun faɗi lambar sirri. Kuɗin ba ya ƙetare Sahara, amana ce kawai ke tafiya. A kan amanar nan ɓarawon ya zauna.

Wani ne ya buɗe zaure a WhatsApp, ya sa tambarin wani sanannen kamfanin aike, ya ce ba ya karɓar la'ada, kuma canjinsa ya ɗara na kowa. Ƙanena, mai aikin gini, ya gwada shi da jaka 20 ta sefa. Kafin la'asar Inna ta karɓa. Ya sake aiko jaka 30, ta iso. Karo na uku ma haka, har da mutumin ya kira yana tambayar ko tsohuwa ta samu lafiya lau. To wa zai yi zargi? Ƙanen nawa da bakinsa ya jawo abokan ɗakinsa huɗu.

Ana saura kwana goma babbar salla, lokacin da kowa ke aiko kuɗin rago da ɗinki, mutumin ya ce farashi zai faɗi gobe, mai so ya kawo yau. Ya turo yaro ya karɓi dinari a bakin wani shagon da ba nasa ba. Ƙanena ya ba da tarin wata bakwai, kimanin jaka 400. Aka turo mana hoton rasit mai hatimi, muka hau mota har Damagaram, ma'aikacin ofishin ya duba ya ce lambar ba ta cikin na'urarsu, mutumin kuma ba wakilinsu ba ne. Kafin mu dawo gida an rushe zauren, layinsa a kashe.

Waɗancan ƙananan aike ukun da suka iso, tsaba ce aka watsa wa kaji. Ni kaina na yaba mutumin a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Tun da aka soke dokar Nijar ta 2015 mai hana jigilar 'yan ci-rani, a Nuwamban 2023, hanyar Agadas ta sake cika da sababbin yara da ba su san kowa a can ba. Su ake farauta. Kuma wanda ba shi da takarda, wurin wa zai kai ƙara a Sabha?

Don haka ku gaya wa naku: kada ya miƙa dinari sai ga mai shago tsayayye wanda dattawan 'yan garinsu suka sani shekara da shekaru. Ya tsaya a wurin har na gida ya kira ya ce kuɗi na hannunsa, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Babban kuɗi a raba shi kashi-kashi. In mutum ya ce shi wakilin kamfanin aike na Nita ne ko Al Izza ko Amana, wani na gida ya taka har ofishinsu ya tambaya kafin a ba da ko dala.

Mun ji an ce ya buɗe wani zauren da sabon suna, wannan karon yana neman 'yan ci-ranin Tamanrasset ta Aljeriya.